Wai Kamu Ɗaya Ba Ya Toshe Hanya?

Idan aka ce wa mutumin Kano ko Legas ana cunkoson ababen hawa a Batsari, ko shakka babu dariya zai yi, ya tambaya ina motocin suke. Ba za mu ga laifinsa ba, domin kuwa a sauran ranakun mako akuya kan kwanta a gefen kwalta ta yi tuƙarta ta gama ba wanda ya tashe ta. To, amma muna gayyatar mai dariyar nan da ya zo mana ranar Alhamis, ranar da kasuwar Batsari ke ci, ya tsaya a bakin kasuwa tsakanin azahar da la'asar. A nan zai ga motocin kanta sun ja burki suna lodin rogo da dankali da hatsi, ga amalanken shanu sun shigo daga ƙauyuka, ga a-kori-kura ɗauke da tumaki a ƙasa mutane a bisa, ga 'yan kabu-kabu kamar fari, ga masu baro, ga 'yan talla, kowa na danna wa kowa oda, kuma ba mai motsi. Tafiyar da yaro zai yi da ƙafa cikin minti biyar, sai mota ta shafe rabin sa'a ba ta gama ta ba.

Wata Alhamis mun taso daga makaranta a bisa ɗan babur ɗinmu, muka faɗa cikin wannan turmutsitsi. A gabanmu akwai wata tsohuwar Golf da ta fito daga ƙauye, an kwantar da wata mai naƙuda a kujerar baya, wata tsohuwa na riƙe da kanta. Mijin ya fito yana bin mutane yana cewa, "Jama'a ku yi wa Allah ku ba mu hanya, haihuwa ce ta zo da gardama." Ba mu ga mutum ɗaya da bai tausaya ba. Kowa na cewa a ba su hanya, a ba su hanya, amma kowa na duban na kusa da shi, domin ba wanda yake jin hanyar a hannunsa take. Can sai wasu samari suka fara ɗaga tebura suna mayarwa baya, mai lemo ya ja baronsa, mai faci ya kwashe tayoyinsa, aka tura baburan da aka jera a bakin kwalta, direban kanta ya hau ya matsa gaba kaɗan. Kafin minti uku hanya ta buɗe fetal, Golf ta wuce asibiti. Ko ƙurarta ba ta kwanta ba kowa ya mayar da kayansa inda yake. Mu ma muka sami gaban wani shago muka kafe babur, rabinsa a kan titi, muka shiga cefane.

Tun daga ranar abin ke yi mana yawo a rai. Ashe hanyar tana nan, faɗinta ya isa mota biyu su gifta juna, a ƙarƙashin kayanmu kawai take kwance. Saboda haka tambayar da muke son mu tattauna da mai karatu ta ɗabi'a ce, injiniya ba zai amsa mana ita ba. Idan mutum ɗari suka taru suka toshe hanya, alhali ba ɗaya daga cikinsu da ya toshe ta shi kaɗai, wa ke da alhaki? Da matar nan ta rasu a cikin motar, Allah ya kiyaye, wa za a tambaya?

Je ka tambayi mai tebur, zai ce maka, "Haba Malam, ɗan kamu ɗayan nan da na fito da shi ne zai hana mota wucewa?" Mai shago zai ce shi rumfa kawai ya ƙara saboda rana na ɓata masa kaya. Ɗan kabu-kabu zai ce fasinja yake jira, yanzu-yanzu zai tashi. Direban kanta zai ce buhu goma ya rage ya gama lodi. Kowannensu idan ka auna maganarsa ita kaɗai, ba ƙarya a cikinta. Amma mai shago ya ci kamu biyu da rumfarsa, mai tebur ya zauna a gaban rumfa ya ci ɗaya, mai saye ya tsaya a gaban tebur, babur ɗin mai saye ya tsaya a bayan mai shi. Aka yi haka ta dama, aka yi ta hagu, sai ga titi ya koma lungu.

Wannan ruɗani ya daɗe yana wahalar da masu tunani. Tun wajen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masana falsafar ƙasar Girka suke muhawara a kan abin da suka kira matsalar tsibi. Ƙwayar hatsi ɗaya ba tsibi ba ce. Ka ƙara ɗaya, har yanzu ba tsibi. Ka yi ta ƙarawa ɗaya bayan ɗaya, ba za ka taɓa nuna ƙwayar da ta mayar da shi tsibi ba, amma ga tsibi nan a gabanka har ya fi ƙarfin masaki. Su wasan hankali suka ɗauke shi, mu kuwa a bakin kasuwa muke rayuwa da shi kowane mako. Mai tebur ya fake da cewa ba shi ne ƙwayar da ta cika tsibin ba, kuma har duniya ta naɗe ba mai iya tabbatar masa da cewa shi ne.

A ganinmu kuskuren yana cikin tambayar da yake yi wa kansa. Yana tambaya ne, shin nawa ya toshe hanya? Amsa kullum a'a ce. Abin da ya kamata ya tambaya shi ne, wane dalili nake da shi na fitowa kan titi wanda maƙwabcina ba shi da shi? Idan babu, to ranar da ya halatta wa kansa kamu ɗaya, ya halatta wa mutum ɗari, kuma kamu ɗarin nan duk da sa hannunsa. Wani Bajamushe mai suna Kant ya gina babban sashe na falsafarsa ta ɗabi'a a kan irin wannan ma'auni tun 1785, watau kada ka aikata abin da ba za ka so ya zama doka ga kowa ba. Amma ba sai mun je Jamus ba. Duk wanda ya taɓa ɗibar ƙuli-ƙuli ɗaya a faifan kakarsa ya ce ai ɗaya ne kawai, ya san amsar da ya samu: in kowannenku ya ɗauki ɗaya fa, me zan sayar?

Mu mutanen yammacin Katsina ya kamata a ce mun fi kowa gane wannan, domin mun taɓa ganin irinsa a wani wuri, kuma mun biya da tsada. Muna nufin burtali. Dattawan Ruma da Runka da sauran garuruwan bakin dajin Rugu suna ba da labarin burtalai masu faɗi, waɗanda garke kan bi daga daji zuwa mashaya ba tare da ya taɓa karan kowa ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965, kuma makiyayar Ruma da Kukar Jangarai da ke wannan yanki namu tana cikin waɗanda aka fi sani a Arewa. Ba wanda ya tashi rana ɗaya ya ce yau zan nome burtali. Abin da aka yi shi ne, bana mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya, baɗi mai gonar hagu ya ga an ƙyale wancan shi ma ya ƙara tasa. Kowace kunya ba ta hana saniya wucewa ba. Bayan shekara ashirin sai ga burtalin da ke ɗaukar garke ya koma turbar da ko jaki da mangala sai ya karkata. Shanu suka fara faɗawa gona, aka fara tara, tarar ta fara wuce kima, zukata suka ɓaci.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa cin burtali ne kaɗai ya jawo mana 'yan bindiga. Dalilan suna da yawa, akwai satar shanu, da rashin adalci a wurin shari'a, da kwararowar makamai, da talauci, kuma ba wata kunyar gona da za ta halatta zubar da jinin mutum. Abin da muke cewa kawai, halin da ya cinye burtali shi ne yake cin titi, kuma hujjar ba ta canja ba: nawa ɗan kaɗan ne.

Wai shin me ya sa mutumin da ba zai taɓa shiga gonar maƙwabcinsa da taƙi ɗaya ba, ba ya jin komai idan ya shiga titi da kamu uku? Mun yi ta juya wannan, kuma muna jin amsar tana cikin sunan da muka ba hanya. A da, idan damina ta ja baya, mai gari kan sa a yi shela, matasa su fito da fartanya da gatari a share hanyar da ta haɗa gari da gari, aikin gayya. Wanda ya zubar da gumi a kan hanya ya san tasa ce, ba zai zuba ido a ɓata ta ba. Da kwalta ta zo sai sunan ya koma titin gwamnati. Kayan gwamnati kuwa a tunanin da yawa daga cikinmu kaya ne marar mai shi, kamar tsintuwa, wanda ya riga shi ya samu. Mu malaman makaranta muna ganin wannan kullum a kan benci da tagogin aji. Yaron da ke tattalin kujerar ɗakin uwarsa, shi ne zai ɓalle ƙafar benci ya ce ai na gwamnati ne.

Alhali tarbiyyar da muka gada ba haka ta ɗauki hanya ba. Malamanmu na zaure suna karantar da haƙƙin hanya, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta aikin lada ne da kowane yaro ya sani. Ya zo a hadisi cewa idan aka yi saɓani a kan faɗin hanya a bar mata kamu bakwai, watau wajen mita uku da rabi, wanda masana suka ce zai isa raƙuma biyu da kayansu su gifta juna. Malaman Malikiyya sun yarda mai gida ya amfana da ƙofar gidansa, ya zauna, ya ɗaure dabbarsa, ya sauke kaya, matuƙar bai cuci mai wucewa ba, amma ba su ba shi ikon mallakar wurin ba. A birnin Tunis a ƙarni na 14 an yi wani magini mai suna Ibn Rami wanda ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini, kuma alƙali kan aike shi ya duba, wani lokaci ya rushe, abin da aka gina ya shiga hanyar jama'a. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne saɓanin da malaman suka yi a kan mutumin da ya ci ɗan kaɗan daga hanya mai faɗi, ba tare da ya ƙuntata wa kowa ba. Wasu suka ce a ƙyale shi tunda ba cuta. Wasu suka ce a rushe, kome faɗin hanyar. A da muna ganin waɗannan na biyu sun cika tsanani. Da muka tsaya a bayan Golf ɗin nan sai muka gane abin da suka hango: idan aka ƙyale na farko don bai cuci kowa ba, da wane baki za a hana na goma?

Masanan Turai da Amurka ma sun yi nasu saɓanin. A 1968 wani mai suna Hardin ya yi rubutun da ya shahara, inda ya ce duk makiyayar da ta zama ta kowa da kowa ƙarshenta lalacewa, sai dai a raba ta ko hukuma ta riƙe ta da ƙarfi. Wata mata, Elinor Ostrom, ta bi ƙauyuka na ƙasashe daban-daban ta nuna cewa akwai al'ummomin da suka riƙe dazuka da ruwan noma na tarayya shekaru aru-aru, saboda su da kansu suka yi dokar, suna sa wa juna ido, kuma hukuncinsu na farawa daga mai sauƙi. Aka ba ta kyautar Nobel a 2009. Mu da muka san Sarkin Kasuwa da Sarkin Pawa da Sarkin Tasha, maganarta ba baƙuwa ba ce a kunnenmu.

To, sai a ce ai magani a fili yake, a turo jami'ai su kore kowa, hanya ta zama fayau. A nan ne muke son mu ja birki, domin mu mun taɓa ganin Batsari da Safana ba cunkoso, kuma ba ma fatan mu sake gani.

A ƙarshen watan Agusta na 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar matakan tsaro. Aka dakatar da sayar da dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana. Aka hana goyon mutum uku a babur, aka hana hawan babur daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, aka hana sayar da fetur a jarka, aka ƙayyade man da za a sayar wa mai mota kada ya wuce na naira 5,000. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, da namu a ciki, sai a Disamba aka fara mayarwa. Ba muna nan don mu yanke hukunci a kan dokar ba, an yi ta ne cikin tsananin wuya. Abin da idonmu ya gani muke faɗa. Kara ta zama fili, motocin da ke zuwa daga nesa don dabbobi suka ɗauke ƙafa, mutanen ƙauye da yawa suka daina fitowa don tsoron hanya. Ranar Alhamis kana iya wuce bakin kasuwa da gudu ba ka taka birki ba. Ba mu ji mutum ɗaya ya yi murna da wannan sauƙi ba. Mai shayi, da mai faci, da dillali, da yarinya mai tallan fura, duk a cikin cunkoson nan abincinsu yake. Shi ya sa duk lokacin da aka sami sararin hanya, kamar bayan zaman sulhun da aka yi a yankin a 2025, alamar farko da mutane ke dubawa ita ce ko kasuwa ta cika.

Saboda haka wanda ya ce burinsa rage yawan mutane da ababen hawa a ƙaramin gari, bai san abin da yake roƙo ba. Abin nema shi ne kasuwa ta cika maƙil, kuma mai naƙuda ta wuce. Manyan birane ma da suka bi ta hanyar ƙirga ababen hawa ba su tsira ba. A Legas a wajen 1977 an yi dokar cewa motoci masu lambar mara su shiga wasu tituna a wasu ranaku, masu lambar cika a wasu. Masu hali suka sayi mota ta biyu, mai mota ɗaya ya sha wuya. A Kano an hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Dalilin tsaro ne, amma ta fuskar cunkoso A Daidaita Sahu ya zo ya cike gurbin har ya yi yawa.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren da ya fi nauyi, watau idan za a buɗe hanya, wa zai fara matsawa? Abin da muka saba gani a ko'ina shi ne, ranar da hukuma ta tashi gyara, da mai faranti ake farawa. A kifar da tiren yarinya, a kama baron yaro, a ƙwace makullin ɗan kabu-kabu. Shagon da aka gina da bulo a kan magudanar ruwa yana nan. Babbar motar Alhaji da ta kwana uku a bakin titi tana nan. Rumfar bikin da ta rufe layi tun daga Juma'a har Lahadi ba mai ce mata uffan. Bayan mako biyu masu faranti su dawo, domin yunwa ta fi jami'i naci, a ce ai mutanenmu ba sa jin magana.

Kuma a garuruwanmu wannan yana da wani ciwo na daban. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Batsari mutum sama da 200,000, mafi yawansu a ƙauyuka. Daga 2019 hare-hare suka yi ta koro mutane zuwa cikin gari. A watan Fabrairu na 2020 kaɗai an kashe wajen mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Jama'a suka cika makarantun firamare da gidajen 'yan'uwa, wasu suka koma, wasu suka zauna. Mutumin da jiya yake da rumbu uku da shanun huɗa, yau jarinsa baro ne da kwandon yalo. Ba shi da rumfa a cikin kasuwa, ba shi da kuɗin kama shago, bakin titi kaɗai ne wurin da ba a tambaye shi haya ba. Ɗalibanmu da yawa 'ya'yan irin waɗannan mutane ne, kuma mun san ranar Alhamis aji kan rage, domin sun tafi tura baro. Da wace fuska za mu ce wa uban yaron nan ya tashi ya ci hanya?

Wani zai ce to ai shi ke nan, lalura ta halatta masa, a bar kowa inda yake. Ba mu yarda da wannan ba. Lalurarsa ta ɗauke masa zargi, amma ba ta goge haƙƙin matar da ke cikin Golf ba, wadda ita ma ta yiwu daga irin ƙauyensa ta fito. Abin da lalurar ta yi shi ne ta mayar da bashin a kan wanda yake da iko ya ba shi wani wuri, watau gari da masu riƙe da shi. Idan haka ne, tsarin matsawa ya juye ke nan. Wanda yake da inda zai koma shi ne zai fara. Mai shago yana da cikin shagonsa, ya janye rumfarsa. Mai babbar mota yana da halin biyan 'yan dako su kai masa kaya bayan gari, ya fitar da motarsa. Ma'aikaci mai albashi irinmu yana da ƙafa, ya ajiye babur nesa ya taka. Mai baro shi ne na ƙarshe, kuma kafin a ce ya tashi sai an nuna masa inda zai zauna, wurin da masu saye ke bi, ba can bayan bola ba. Gyaran da ya fara daga ƙasa ba ya ɗorewa, domin talaka na gani an ƙyale na sama zai san wasa ake yi.

Mun san abin da ke hana a fara daga sama, kuma ba rashin doka ba ne. Akwai hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988, wadda marubuci ɗan'uwanku Wole Soyinka ya fara shugabanta, ga kuma KASSAROTA ta jiha, ga 'yan yuniyon na tasha. Amma a ƙaramin gari mai laifin kawun jami'i ne, ko surukinsa, ko wanda ya biya masa kuɗin jarrabawa. A Kano ɗan KAROTA na iya tare mutumin da bai taɓa gani ba, ba kuma zai sake gani ba. A Safana wanda ka tare da safe, da shi za ku haɗa sahu da magariba. Kunya da sanayya, waɗanda su ne adon zamanmu, su ne kuma suke ɗaure mana baki. Sai dai wannan igiya tana ja ta ɓangare biyu. A garin da kowa ya san kowa, idan Sarkin Ruma ko Yariman Katsina ya tara 'yan kasuwa da direbobi aka yi magana ɗaya, manya uku ko huɗu suka fara janye nasu a idon jama'a, kunyar nan da ke kare mai laifi ita za ta koma ta kama shi. Birni ba shi da wannan makami.

Dabarun kansu ba su da wuyar ganowa, kowane direba a tasha zai lissafa maka su: manyan motoci su yi lodi da sassafe ko bayan la'asar, ko a ba su fili a wajen gari, 'yan kabu-kabu su sami matsaya biyu ko uku maimakon ko'ina, a ja layi a bakin kwalta wanda tebur ba zai tsallake ba. Abin da muka fi jin ana kira a majalisa shi ne a yi mana hanyar bayan gari. Muna so, amma kada mu ruɗi kanmu. Ciniki yana bin inda mota ke rage gudu ne. Duk wanda ya bi garuruwan da aka yi wa sabuwar hanya ya ga yadda mai shayi ke fara kafa benci, mai fetur ya biyo, mai tsire ya biyo, kafin shekara biyar sabuwar ta koma kamar tsohuwar. Safana, da ke kan hanyar Dutsin-Ma zuwa Batsari, cunkosonta bai kai namu ba, kuma wannan ita ce damarta. Hana kafa tubalin farko magana ce ta fatar baki, rushe shagon da mutum ya zuba jarinsa kuwa gaba ce ta shekaru.

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Ba za mu rufe ba sai mun faɗi namu. Shekarun baya da aka biya mu wasu kuɗaɗen ariya, muka gina dakali a ƙofar gida, muka yi masa 'yar gangara ta hawa da babur. Maƙwabcinmu na tsallake ya ga ya yi kyau, shi ma ya yi nasa, har ya ɗara namu. Lungun nan a da amalanke na shiga har ƙarshensa ya sauke taki. Ba mu lura da ranar da ya daina shiga ba. Sai bara da aka yi rasuwa a ƙuryar lungun, muka ga masu ɗauke da makara sun zo daidai ƙofarmu sun tsaya, na gefe suka saki, mutum biyu suka wuce da ita a karkace. Ba wanda ya ce mana komai. Da dare muka fito muka auna da hannunmu, tsakanin dakalinmu da na maƙwabci kamu uku da 'yan kai.

Mun same shi da maganar bayan sallar isha'i. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, kai ka fara ginawa. In ka fasa naka, ni ma na fasa nawa." Uwargida kuwa ta ce to a ina baƙi za su riƙa zama, kuma kuɗin simintin da aka zuba fa? Mun ce mata akwai tabarma. Mun yi magana da magini, ya ce zai zo ranar Asabar da guduma, kuma maƙwabcin namu ya ce zai fito ya gani da idonsa.